Daga Gaya zuwa Ajingi: Wa ke kare masu kare haƙƙin talaka?

A watan Afrilun 2014 wani labari ya fito daga wani ƙauye a Ƙaramar Hukumar Gaya, kafin mako ya zagayo ya karaɗe duniya. 'Yan sanda sun kama wata amarya 'yar shekara 14 bisa zargin ta zuba shinkafar ɓera a abinci, mijinta mai shekara 35 ya ci ya mutu, shi da wasu mutum uku.

An gurfanar da ita a gaban Babbar Kotun Jihar Kano da ke zama a Gezawa, masu gabatar da ƙara suka nemi a yanke mata hukuncin kisa. 'Yar talakawa ce, ba ta iya karatu da rubutun boko ba, ba ta kuma da abin ɗaukar lauya. Waɗanda suka tsaya mata su ne lauyoyin reshen Kano na Ƙungiyar Lauyoyi Mata ta Duniya, FIDA, tare da wasu ƙungiyoyin kare haƙƙin mata da ƙananan yara.

Ƙofa biyu suka ƙwanƙwasa. A kotu, lauyoyin sun kafe a kan cewa wadda ake tuhuma yarinya ce, don haka kotun yara ce ta dace da ita, kuma 'yan sanda sun yi mata tambayoyi ba tare da mahaifi ko lauya a kusa ba, saboda haka bai kamata a karɓi bayaninta a matsayin hujja ba. A wajen kotu kuwa, ƙungiyoyin sun riƙa aika wa gwamnatin jihar takardun koke suna neman ta janye ƙarar. Sashe na 211 na kundin tsarin mulki ya bai wa Antoni Janar na jiha ikon dakatar da shari'ar laifi kafin a yanke hukunci, kuma ta wannan ƙofa ta biyu aka fita. A watan Mayun 2015, ana dab da miƙa mulki ga sabuwar gwamnati, ma'aikatar shari'a ta nemi a janye tuhumar. A watan Yuni alƙali ya sallami yarinyar.

Ba kowa ne ya yi murna ba, kuma waɗanda ba su yi murnar ba suna da abin faɗa. Rai huɗu ya salwanta, kotu kuma ba ta kai ga yanke hukunci a kan yadda abin ya faru ba. Dangin mijin da nata duka sun musanta cewa auren dole ne, suna cewa a irin wannan shekarun ake aurar da 'yan mata a yankin. Shi kansa lauyan gwamnati bai ɓoye ba cewa ba da son ransa ya nemi a sallame ta ba. Yarinyar ba ta koma ƙauyensu ba. Wani wuri aka nema mata, saboda tsoron abin da ka iya samun ta.

Akwai abin da ba a cika tattaunawa ba game da wannan shari'a. Lauyoyin da suka tsaya wa yarinyar, idan an tashi daga kotu, birnin Kano suke komawa. Suna da ƙungiyar lauyoyi a bayansu, suna da lambobin wayar 'yan jarida, sunansu kuma ya kai inda taɓa su zai jawo wa mai taɓawar surutu. Da a ce wani malamin firamare ne ko shugabar ƙungiyar mata ta ƙauyen ta fara cewa a duba shekarun yarinyar, a garin zai kwana, cikin dangin mamatan, kuma babu wanda zai ji labarin abin da ya biyo baya.

Su wane ne fararen hular karkara?

Gaya da Ajingi suna gabashin Jihar Kano, bayan an ƙetare gadar Wudil, can wajen iyaka da Jigawa. Ƙidayar 2006 ta nuna Gaya na da mutum sama da 200,000, Ajingi kuma sama da 170,000, kowacce da mazaɓu 10. Tare da Albasu suke tura ɗan Majalisar Wakilai ɗaya Abuja, kuma ƙananan hukumomin uku ne ke ƙarƙashin Masarautar Gaya tun da aka sake kafa ta a matsayin mai daraja ta biyu a watan Yulin 2024.

Idan aka ce ƙungiyoyin fararen hula a Kano, abin da ke zuwa zuciyar mutane shi ne irin su CITAD da CHRICED da Gidauniyar Isa Wali, masu ofisoshi a birni, masu ma'aikata da motoci da rahotanni. Amma a Shagogo ko Gamarya, a Toranke ko Balare ko Chula, farar hula wani abu ne daban. Ƙungiyar ci gaban gari ce, da ƙungiyar ɗalibai da ke tashi idan an yi hutu, da kwamitin kula da makaranta, da kwamitin lafiya na mazaɓa, da ƙungiyoyin manoma da makiyaya, da na mata masu adashe, da na masu buƙata ta musamman. Da yawansu ba sa kiran abin da suke yi da sunan kare haƙƙin ɗan Adam. Amma wanda ya je sakatariya ya tambayi dalilin da ya sa asibitin mazaɓarsu ba shi da ungozoma da daddare, ko ya raka wata bazawara caji ofis don a saki ɗanta da aka kama a madadin wansa, aikin da ya yi ke nan, ko da bai san sunansa ba.

Mafi yawan irin waɗannan ƙungiyoyi ba su da rajista da hukumar CAC. Rajistar tana buƙatar amintattu, da rubutaccen tsarin mulki, da sanarwa a jaridu biyu, da jiran kwana 28 ko wani zai ƙalubalanta, sannan a riƙa kai bayanin kuɗi duk shekara. Ƙungiyar da kuɗin shigarta karo-karo ne na ranar kasuwa ba za ta iya wannan ba. Abin da take da shi, in ma akwai, takardar shaida ce daga ƙaramar hukuma, wato hukumar da gobe za ta je yi wa tambaya. Sashe na 40 na tsarin mulki bai ce sai mai rajista ne ke da 'yancin kafa ƙungiya ba, amma a aikace tambayar farko da jami'i ke yi wa wanda ya zo da koke ita ce, ku su wane ne, ina takardarku.

Ba sai an kama mutum ba

A karkara, rufe bakin mai magana ba ya buƙatar motar 'yan sanda. A ɗauka sakataren wata ƙungiyar matasa ya rubuta cewa ajujuwan da aka ce an gyara ba a gyara su ba. Mai yiwuwa shi kansa ma'aikacin wucin gadi ne a ƙaramar hukumar, ko yayansa malami ne da za a iya yi wa canjin wurin aiki zuwa ƙarshen iyaka. Sunan mahaifinsa yana cikin jerin masu karɓar taki, kuma jerin ta hannun kansila da mai unguwa yake bi. Ɗan kwangilar da ake magana a kansa wataƙila surukin gidansu ne. Kafin magariba an aika wa mahaifinsa, an ce ya ja wa yaronsa kunne. Da safe an goge rubutun daga Facebook. Ba a kama kowa ba, ba a doki kowa ba, babu abin da wata ƙungiyar duniya za ta rubuta a rahotonta, amma magana ta mutu.

Wannan salon ya girmi dimokuraɗiyyar yanzu. Bayan kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agustan 1950, magoya bayanta a ƙauyuka sun fi na birni ɗanɗana kuɗa a hannun 'yan doka da kotunan En'e: ɗauri, bulala, ƙarin haraji, da matsin da ke sa mutum ya bar garinsu. Tarihi ya riƙe sunan Malam Aminu Kano da na Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka ɗaure sau 16, amma bai riƙe sunayen manoman da aka wulaƙanta saboda an ga kati a aljihunsu ba. NEPU jam'iyyar siyasa ce, ba ƙungiyar farar hula ba, sai dai tunanin da aka gada daga wancan zamani, cewa duk mai tambayar hukuma ɗan adawa ne, bai gushe ba. A Kano ta yau, inda kusan kowane gida ke da ɓangaren da ake jingina shi da shi, da wuya mutum ya yi magana a kan rijiyar burtsatse ba a tambayi launin hularsa ba.

Idan aikawa gida ba ta yi aiki ba, sai a koma ga ƙarfi, kuma mutanen yankin ba sai sun yi nisa ba kafin su ga misali. A watan Nuwamban 2022 aka ɗauke wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse, maƙwabciyar Gaya, aka kai shi Abuja saboda rubutun da ya yi a Twitter a kan matar shugaban ƙasa na lokacin. An tsare shi a gidan yarin Suleja, aka kuma janye ƙarar a farkon Disamba bayan ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta yi barazanar zanga-zanga, Amnesty International da wasu suka yi ta magana. A watan ne kuma wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu na kwana 30, bisa ɓata sunan gwamna Abdullahi Ganduje. Shi kuwa Abubakar Idris Dadiyata, malamin jami'a mai sukar 'yan siyasa a intanet, tun da aka ɗauke shi a ƙofar gidansa a Kaduna a watan Agustan 2019 ba a sake ganin sa ba.

Sai zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024. Amnesty ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohi shida, 12 daga ciki a Kano. Rundunar 'yan sanda ta musanta, ta nemi ƙungiyar ta janye rahoton ta ba da haƙuri. Ranar 1 ga Nuwamba aka gurfanar da gomman waɗanda aka kama, ciki har da ƙananan yara, da yawansu 'yan Kano, a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja bisa tuhumar cin amanar ƙasa, bayan sun shafe kusan wata uku a tsare. Wasu suka yanke jiki suka faɗi a cikin kotu. Bayan kwana uku Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su. Abin lura a duk waɗannan shi ne, inda aka samu sauƙi, hayaniya ce ta kawo shi: hoto ya yaɗu, lauyoyi suka fito, ƙungiyoyi suka yi ca. Kariyar da ake da ita a ƙasar nan a aikace ita ce a san da kai. Wanda ke zaune a Gurduba ko Kunkurawa kuwa, daidai abin da ya rasa ke nan.

Sunan da ke kashe ƙungiya

Akwai makamin da ya fi kamu da ɗauri saurin gamawa da ƙungiya a ƙasar Hausa, shi ne a ce 'yar aiken Turawa ce. Zargin yana kama jiki ne saboda yana da tushe a tarihin Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kimanin 200. Yara 11 suka mutu, kuma sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wannan tabo na cikin abin da ya sa aka dakatar da allurar shan inna a jihar daga 2003 zuwa 2004. A watan Fabrairun 2013 kuma 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan allurar tara a birnin Kano. Duk wanda ya san wannan tarihi ba zai raina tsoron jama'a ba, ba kuma zai raina haɗarin da ke kan wanda aka nuna da yatsa ba.

Daga baya zargin ya sami sabbin riguna. A watan Yulin 2024, ce-ce-ku-cen yarjejeniyar Samoa ya sa aka riƙa yi wa ƙungiyoyin da ke aiki a kan mata da matasa kallon masu shigo da baƙin ɗabi'u, ba tare da an tsaya rarrabe wane da wane ba. A watan Fabrairun 2025 wani ɗan majalisar Amurka, Scott Perry, ya yi iƙirarin cewa kuɗin hukumar USAID sun shiga hannun ƙungiyoyin ta'adda, ciki har da Boko Haram. Jakadan Amurka a Najeriya ya ce babu wata hujja a kan haka, amma magana zarar bunu ce.

A wannan yanayi ne gwamnatin Kano ta kafa kwamitin tantance ƙungiyoyi masu zaman kansu da masu ba da tallafi, aka ɗora masa binciken inda suke samun kuɗi da irin ayyukan da suke yi. Wanda aka naɗa ya shugabanci kwamitin shi ne Kwamishinan Yaɗa Labarai, Ibrahim Abdullahi Waiya, wanda kafin ya shiga gwamnati shi ne shugaban Zauren Ƙungiyoyin Fararen Hula na Kano. Wasu sun ga hakan a matsayin abin kwantar da hankali, tunda ɗan gida ne ya san ciki da waje. Wasu ƙungiyoyin kuwa suka fito fili suka yi watsi da kwamitin, suna cewa hanya ce ta rufe bakin masu suka. A watan Mayun shekarar, kwamishinan ya sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai tsaye a gidajen rediyo da talabijin, matakin da gwamnati ta ce da amincewar shugabannin kafafen aka ɗauka don tsaftace kalamai. Ga mutumin karkara wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin rediyo ce majalisarsa. Ta nan ake jin cewa gadar garinsu ta karye.

Gwamnati ba ta rasa hujja ba. Akwai ƙungiyoyin da ofishinsu jakar shugabansu ce, akwai masu karɓar kuɗin marayu su sayi fili, akwai waɗanda ba a jin ɗuriyarsu sai zaɓe ya matso. Sai dai ba duka ne 'yan adawa suka haifa ba. Wani bincike da Matthew Page ya wallafa a cibiyar Carnegie a 2021 ya ƙirga aƙalla ƙungiyoyi 360 a Najeriya da aikinsu shi ne yabon gwamnati da jami'an tsaro da kuma zagin masu suka. Irinsu ne suka yi wa ofishin Amnesty ƙawanya a Abuja a watan Maris na 2017 suna cewa ta bar ƙasar. Da wuya a ji an kafa kwamiti don tantance waɗannan.

Matsalar tantancewa ba ita ce tambayar asalin kuɗi ba. Ƙungiyar da ke neman gwamnati ta buɗe littafinta bai kamata ta ɓoye nata ba. Matsalar ita ce a haɗa mai bincike da mai hukunci da wanda ake suka a mutum ɗaya. An ga inda hakan ke kaiwa: a watan Satumban 2019 sojoji suka rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps a Arewa maso Gabas, sai ƙarshen Oktoba aka ɗage, a watan Janairun 2023 gwamnatin Zamfara ta umarci dukkan ƙungiyoyi masu zaman kansu su fice daga jihar. Manyan ƙungiyoyi suna da lauyoyi da ofisoshin jakadanci da za su yi musu magana. Idan guguwar ta sauko ƙaramar hukuma, ƙungiyar da ba ta taɓa ganin dala ba ce ke fara faɗuwa, don ita ce marar takarda.

Abin da ke rubuce

A kan takarda, mai tambayar hukuma ba maraya ba ne. Sashe na 39 da na 40 na tsarin mulki sun ba shi 'yancin magana da na taro. Tun 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi taron lumana. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ke da hurumi a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani, ta hana kamu a kan rikicin bashi da makamantansa, ta ce kowane babban ofishin yanki ya kasance da jami'i aƙalla ɗaya da ya karanta lauya don sa ido a kan haƙƙin waɗanda ke tsare, ta kuma ce majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda duk wata. Da waɗannan tanade-tanade huɗu kaɗai za a bi sau da ƙafa a Gaya da Ajingi, da rabin tsoron ya kau.

Ƙungiyoyin sun kuma ci wasu yaƙe-yaƙe. Ƙudirin kafa hukumar sa ido a kansu, wanda Umar Buba Jibril ya gabatar a 2016, ya mutu bayan sauraron ra'ayin jama'a a Disamban 2017. Sashe na 839 na dokar kamfanoni ta 2020, wanda ya bai wa CAC ikon dakatar da amintattun ƙungiya ta naɗa nata, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke shi a watan Afrilun 2023. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka daɗe ana kama 'yan jarida da shi, an taƙaita shi a gyaran 2024 bayan kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, ko da yake kamun bai tsaya ba. A Kano ma, Dokar Kare Yara da aka sa wa hannu a watan Mayun 2023, shekara 20 bayan ta tarayya, ba ta samu ba sai da ƙungiyoyi suka yi shekaru suna zarya tsakanin majalisa da malamai da masarauta, ana gyara ana daidaitawa da addini da al'ada. Ita ce shaida mafi kusa cewa zama da hukuma yana haifar da ɗa mai ido idan an bar masu zaman su yi magana.

Abin da aka daɗe ana nema shi ne doka ta musamman ta kare masu kare haƙƙin ɗan Adam, irin wadda sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 9 ga Disamban 1998 ta share wa hanya. Kwaddibuwa ce ta fara yin ta a Afirka a 2014, Burkina Faso ta bi a 2017, Mali a 2018, Nijar kuma a watan Yunin 2022. Amma labarin Nijar ya isa ya rage wa mai ɗokin doka zumuɗi. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, hukumomi suka soke izinin wasu ƙungiyoyin agaji, sannan ranar 3 ga Disamban 2024 aka kama Moussa Tchangari, babban sakataren ƙungiyar Alternative Espaces Citoyens, a gidansa a Yamai, aka kai shi kurkukun Filinge a watan Janairu bisa tuhume-tuhumen da suka shafi ta'addanci da tsaron ƙasa. Tchangari sananne ne daga Maraɗi har Faransa, dokar kuma ƙasarsa ce ta yi ta. Ba ta hana ba.

Shi ya sa abin da zai fi amfanar ƙaramar ƙungiya a Ajingi ba lallai ya jira majalisa ba. Ta san lauyan da za ta kira da tsakar dare, ko na FIDA ne, ko na Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Kano. Koke ya fita da sunan gamayya, ba da sunan yaro ɗaya da kowa ya san ƙofar gidansu ba. Manyan ƙungiyoyin birni kuma, waɗanda ke zuwa ƙauye su tara bayanai su ɗauki hotuna su koma, su san cewa wanda ya nuna musu ginin da aka yi watsi da shi yana nan bayan tafiyarsu, kuma nauyinsa yana wuyansu. Wannan ya ƙara wuya tun da Amurka ta dakatar da tallafin waje a watan Janairun 2025 ta kuma rushe USAID, domin idan kuɗi ya ragu, tafiyar karkara ake fara yankewa daga kasafi.

Kuɗi na gangarowa, tambaya na biye

Hukunci biyu na Kotun Ƙoli sun sa wannan batu ya zama na gaggawa ga ƙananan hukumomi irin Gaya da Ajingi. Ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa, amma alƙiblar ta fito: ana so ciyaman da kansiloli su zama masu riƙe da kuɗin asibitin mazaɓa da ajin firamare da hanyar kasuwa. Ranar 11 ga Afrilun 2025 kuma, a wata ƙara da ta taso daga Jihar Edo, kotun ta ce Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta hau kan jihohi da ƙananan hukumomi, ba gwamnatin tarayya kaɗai ba. Kafin nan, jihohi da dama suna fakewa da cewa majalisunsu ba su amince da dokar ba.

Ma'anarsa ita ce ƙungiyar ɗaliban Gaya ko ta manoman Dabin Kanawa na iya rubuta wa sakatariya ta nemi sanin nawa ya shigo a wata kaza, wa aka bai wa kwangila, nawa aka biya shi, ba tare da ta faɗi dalilin tambayar ba. Babu wata ƙungiyar Abuja da za ta iya bin ƙananan hukumomi 44 na Kano ɗaya bayan ɗaya. 'Yan gari ne za su yi, ko kuma a rasa mai yi. Su ne kuma za su sa hannu a ƙasan takardar, su miƙa ta ga magatakardan da ya san kakanninsu.

Dokar ta bai wa hukuma kwana bakwai ta amsa, ta kuma tanadi tarar Naira 500,000 ga wanda aka samu da laifin hana bayani ba bisa ƙa'ida ba. Idan an yi shiru, mai tambaya yana da kwana 30 ya garzaya Babbar Kotu. Kuɗin mota zuwa Kano, da na lauya, da na kowace ranar da aka ɗage zama, daga aljihun ƙungiyar za su fito.